Wuyan Ragon Toma

Mala yana tsugune a rumfarsa ta Fagge yana jera bandar kifin da jirgin ƙasa ya kawo masa daga Nguru, sai ya ji wata murya da ya yi wata da watanni yana gudunta.

"Babarbare, ashe kana da rai?"

Kifin ya suɓuce daga hannunsa. Toma ne, Bazazzagin nan fitan reluwe mai gyaran injin jirgi, Kirista mazaunin Sabon Gari. Ga shi tsaye da gajeren wandonsa na kaki, yana murmushi, hannunsa na dama cikin aljihu.

Sun daɗe tare. Duk jajiberin Kirsimeti Mala ne ke yanka wa Toma rago, domin Magret matar Toma takan aika wa Musulmin da mijinta ke aiki da su nama, su kuwa ba za su ci ba sai yankan Musulmi. Mala ya yanka, a ba shi wuyan rago kamar yadda ake ba duk mai yanka, ya koma gida yana tsokanar Zazzagawa.

Sai rikicin bazarar nan ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Aka yi ta yaɗa cewa mutanen kudu na tafe za su ƙone unguwa. Mala ya rufe fuska da rawani, ya zari wuƙar yankansa mai mariƙin jar fata, ya bi taro. A wani lungu suka ga mutum da gajeren wando yana gudu, a ranar kuwa duk mai gajeren wando ɗan kudu ne a idonsu. Mala ya riga kowa cim masa, ya kai sara. Mutumin ya kare da hannu, ya ƙwala "Wayyo Allahna!" da Hausar Zazzau tsantsa, ya juyo. Mala ya saki wuƙar ya ruga. Har yau bai sani ba ko rawanin ya zame, bai kuma san wanda ya tsinci wuƙar ba. Abin da ya sani, an kama mutane da dama, kuma har yanzu 'yan sanda ba su daina tambaya ba.

"Jibi Kirsimeti," in ji Toma. "Rago na can ɗaure ya hana mu barci. Gobe da hantsi ina jiranka."

"To ai... ba ni da lafiya sosai."

"Ka warke gobe."

Ya zaro hannun ya miƙa masa. Babu yatsa manuniya, babu ta tsakiya, sai tabo mai sheƙi. Mala ya kama, Toma ya riƙe shi, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ɗauki kifi ɗaya ya shinshina, ya ce tsada ta yi masa yawa, ya tafi yana fito.

Falmata, matar Mala, ita kaɗai ta san sirrin. Da ta ji labari sai ta dafa ƙirji.

"Tarko ne, Malam! Ka hau jirgi ka tafi Nguru wurin kawunka."

"Wane jirgin? Wanda abokan Toma ke tuƙawa?"

"To ka ƙi zuwa."

"In na ƙi, ai na faɗa masa da bakina ke nan."

Ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. In Toma ya sani, me ya hana shi zuwa da ɗan sanda tun tuni? In bai sani ba, me ya sa ya riƙe masa hannu haka? Kuma wane irin mutum ne zai san wanda ya sare shi, ya tako har rumfarsa yana taya kifi? Duk inda ya juya maganar sai ta ƙi zama.

Washegari ya sayi sabuwar wuƙa a hanya, ya wuce Rijiyar Lemo, ya ƙetara zuwa Sabon Gari. Wasu shagunan har yanzu baƙi ƙirin, ba rufi. Daga coci ana jin mata na gwajin waƙa. Wata mai tuyar ƙosai ta bi babbar rigarsa da kallo har ya sha kwana.

Yana shiga gidan ya tsaya cak. Ɗan sanda ne zaune kan turmi, da ɗamararsa da kulkinsa, yana shan ruwa.

"Ga mai yanka ya iso!" in ji Toma. "Mala, ka san Zakka? Ƙanen Magret ne, kofur. Daga aiki ya biyo ya riƙe mana ƙafar rago, tunda ni hannun ya ragu."

"Sannu Malam," in ji Zakka, ya miƙe. Dogo ne, sai da ya sunkuyar da kai saboda igiyar shanya. "Kai ɗan Fagge ne ko? To ka taya ni yi wa surukin nan nawa faɗa. Ya san wanda ya yi masa wannan aika-aikar. Ya ce mini ya san shi sarai, amma ya ƙi faɗin suna. Ni kuwa ranar da na damƙe shi, sai ya tsufa a gidan yari."

"Ya... ya san shi?"

"Kamar yadda na san ka tsaye a nan."

Mala ya dubi ƙofa. Zakka na tsakaninsa da ita. Magret na bakin murhu tana firar albasa, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba, ita da a da take tarbarsa da shewa tana tambayar Falmata.

An riga an haƙa ramin jini a gindin ɗan itacen lemo. Zakka ya kayar da ragon, suka juya shi ya fuskanci alƙibla, Toma da kansa ya gyara shi don ya san wajen. Mala ya zaro sabuwar wuƙarsa.

"Haba, wannan ta kasuwa?" in ji Toma. "Ko kabewa ba za ta yanka ba. Dakata."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani abu naɗe cikin tsumma. Ya warware. Mariƙin jar fata ne, da ɗinkin da Falmata ta yi masa da zaren lilo. An wasa ta tana walƙiya. Toma ya kama tsinin, ya miƙa masa mariƙin.

Mala ya tsaya yana kallon wuƙarsa. Yanzu ne Toma zai ce wa kofur ga shi nan? Ko so yake ya karɓa tukuna, a kama shi da ita a hannu? Ya dubi Zakka. Zakka na fama da ƙafafun rago yana zaginsa, bai ko ɗago ba.

"Karɓi mana," in ji Toma.

Ya karɓa. Toma ya durƙusa, ya danne kan ragon, ya ja haɓarsa baya da hannun nan mai tabo, dab da inda kaifi zai bi. Mala ya ɗora wuƙar, ya ɗage, ya sake ɗorawa.

"Malam, yau ka fara yanka ne?" in ji Zakka. "Bayana zai karye!"

"Yi bisimilla," Toma ya ce a hankali. "Dabbar na wahala."

Mala ya yi bisimilla, ya yi kabbara, ya yanka. Jini ya tsartu cikin rami, wani ya fallatsa a hannuwansu su biyu.

Zakka ya ja ragon gefe ya hau fiɗa. Toma ya ɗauki buta ya ja Mala bayan ɗaki yana zuba masa ruwa.

"Toma..."

"Wanke tsakanin yatsun."

"Me kake nufi da ni? Don Allah ka faɗa mini. In kama ni za a yi, a kama ni, na gaji."

"Da kama ka zan sa a yi, sai in jira har in sayi rago?" Toma ya ajiye butar. "Kada ka ɗauka waliyyi ne ni. Da na fito asibiti na soke wuƙar nan a ƙugu na tafi har ƙofar caji ofis. Na daɗe a tsaye, har mai gadi ya tambaye ni ko ɓata na yi. Na koma kuma wata rana."

"Me ya hana ka shiga?"

"Addu'ar da muke yi duk Lahadi. A ciki muna roƙon Ubangiji ya yafe mana daidai yadda muke yafe wa waɗanda suka cuce mu. Daidai fa. Duk na zo wurin sai bakina ya ƙi, kowa na faɗa ni ina tari. Na ga dai ko in daina zuwa coci, ko in zo in kira ka yanka."

"Amma hannunka..."

"Ko an ɗaure ka ba zai tsiro ba. An mai da ni sito, ina zaune a inuwa ina ba yara sufana." Ya shafa tabon. "Yana ciwo da sanyin nan, kada ka ce ba ya yi. Wataran nakan tashi ina jin haushinka sabo fil, sai in sake yafewa daga farko."

Mala ya zo da shirin ankwa, ya zo da shirin duka, har kalmar shahada ya yi ta maimaitawa a hanya. Wannan kam bai shirya mata ba. Ya miƙa wa Toma wuƙar.

"Me zan yi da ita? Taka ce. Baɗi ma ina da rago."

A tsakar gida Magret ta tare shi da kwano rufe da faifai. Idonta ja, ko albasa ce ko ba ita ba.

"Ga wuyanka," ta ce, ta rage murya don kada ƙanenta ya ji. "Ni ban kai inda ya kai ba tukuna. Ina dai roƙon Allah. Ka ce wa Falmata ta dawo mini da kwanona."

"Sai mun shigo Fagge, Malam!" Zakka ya ɗaga masa hannu da jini. "In ka ji wani labari ka neme ni."

Yadda ya kai gida bai sani ba. Ya tarar Falmata ta ƙulle masa kaya a tsumma, tana bakin zaure tana leƙe.

"Sun biyo ka? Ya sani?"

"Ya sani."

"Innalillahi! To me ya ce?"

"Ya ce baɗi ma yana da rago."

Ta dube shi, ta buɗe kwanon, ta ga wuya, ta ga jan mariƙi na leƙowa daga aljihunsa. Ta zauna daɓas a kan ƙullin kayan.

"Ni ban gane ba, Malam."

"Ni ma haka. Ɗora tukunya."

Ta juye naman, ta wanke kwanon, ta tsaya riƙe da shi. Ba a mai da kwanon maƙwabta babu komai. Mala ya jawo kwandon banda, ya cika kwanon da kifi, sannan ya yi ta tonawa har ya sami kifin nan da Toma ya shinshina jiya, ya ɗora shi a sama.

"Wa zai kai?" in ji Falmata.

Mala ya ɗauki kwanon, ya nemi takalmansa.