Injin Ɓare Gyaɗar Adda Habibat

Jama'ar shafina, barkanku da warhaka! Masu karantawa su gudu ba sharhi, ina ganinku. Ku gyara zama, yau na zo da labarin da ya kashe mini baki, kuma kun san ba ƙaramin abu ke kashe bakin nan ba.

Kun san halinmu. Kowane garin wanki omo ne, kowane dunƙulen miya magi, duk abin da aka matsa a buroshi makilin. Ka tsallaka Kamaru ka ce biro, su ce maka bik. To a Mubi akwai wanda abin nan ya faɗa wa da ransa: Baba Vandi mai walda, mutumin Michika.

Shi ke ƙera injin ɓare gyaɗa na hannu, ka zuba ta sama ka juya, ƙwaya ta sauko fes. Aikinsa ya yi kyau har mutane suka daina cewa inji, sai dai a ce "ara mini vandinki". Masu walda daga Uba har Vimtim suka shiga kwaikwayo, nasu ma vandi ake ce masa. Da farko Baba har tafiya ya canza. Abin da ya fi taƙama da shi kuwa alkawarinsa ne: duk wanda ya fito daga hannunsa, gyara kyauta har ya mutu. Tambari fa? Ya ce ba ya buƙata, da ido yake gane waldarsa.

Sai kowane ruɓaɓɓen ƙarfe ya fara sauka a ƙofar shagonsa, kowa da rantsuwar a nan ya saya. Baba ya gaji, ya koma mai faɗa.

Wata Laraba, ga kasuwa ta cika, wata dattijuwa daga Gella, Adda Habibat, ta sauke nata daga napep. Tsoho tukuf, walda gaba ɗaya ƙuraje.

"Baba, haƙoransa sun cinye. Na zo a cika mini alkawari."

Ya leƙa sau ɗaya. "Wannan? Adda, ko makaho ya fi mai wannan walda. Ba nawa ba ne."

"A hannunka na karɓa."

"Kowa haka yake faɗa! Da furfura a kai ma sai an zo an yi mini ƙarya?"

Masu jiran aiki suka kwashe da dariya. Adda ta gyara mayafi, ta sa mai napep ya mayar da injin.

Suna tashi matarsa Liyatu na isowa da kular abinci. Ta bi napep ɗin da kallo har ya sha kwana.

"Baban Janet, ka ga mariƙin injin can?"

"Na ga shirme."

"Fedar kekenka ce. Keken da kake zuwa zance gidanmu da shi. Ka yanka shi lokacin ba ka da ƙarfen aiki, har na yi kwana biyu ba na maka magana."

Wallahi Baba sai ya nemi benci. Ya tuna. Na ukun da ya taɓa ƙerawa ne, lokacin bai ƙware ba, lokacin duk Mubi ba mai yarda ya zuba gyaɗarsa a abin da yaron Michika ya haɗa. Adda ce ta yarda. Makahon da ya zaga, shi ne da kansa.

Da ya bi ta a ranar, da wataƙila an gyara. Amma kunya ta riƙe shi har kwana biyar, kullum gobe. Ran Litinin ya ɗora sabo fil a bayan bas sai Gella.

Ya same ta a tsakar gida da mata huɗu, suna ɓara da hannu, yatsu duk sun yi ja. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi iyali. Gaisuwar ta fi mari zafi.

"Adda, na yi kuskure. Nawa ne. Ina yake in gyara?"

"'Yan jari bola sun ɗauka shekaranjiya."

"To ga sabo, don Allah ki karɓa."

"Shekara ashirin da biyu ina gaya wa matan nan akwai mutum ɗaya a Mubi da ba ya magana biyu," ta ce, ba ta daina ɓara ba. "Da na dawo sun tambaye ni yadda muka yi, na gaya musu. Ka koma da kayanka, Baba, kar ka wahala. Ƙanena zai kawo mini vandi daga Uba."

Haka ta faɗi sunansa, kamar ta ce bokiti. Ba ta ko ɗago kai ba.

Baba ya sake ɗaure injinsa, ya tsaya bakin titi yana jiran bas. Tun ranar duk abin da aka kawo gyarawa yake, nasa da ba nasa ba, bai ƙara tambaya ba. Daga Gella dai har yau ba wanda ya zo.

To jama'a, in ku ne Adda, za ku karɓi sabon? In kuma ku ne Baba, za ku ajiye mata shi a ƙofa ku gudu, ko za ku dawo da shi?