Yatsu Huɗu Daga Ƙasa

Wani guntun kara Mokete ya ajiye a kan kantar shagon kayan mota, tsawonsa bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Zodwa, matar da ke tsaron shagon, ta dubi karan, ta dubi dattijon.

"Jak nake so," in ji shi. "Wanda zai shiga ƙarƙashin motar da tsakaninta da ƙasa bai fi wannan ba."

"Baba, mota ce ko tabarma?" Ta yi dariya. "Yaranku na Katlehong sai sun kashe mu da wannan yayi."

"Motar ɗana ce. Ita ta danne shi ranar Litinin."

Nan take ta daina dariya. Ta ce Allah ya jiƙan rai, ta ɗaga katakon kantar ta ce ya shigo ciki.

Mu dai a Katlehong haka muke, kuma ba na jin za mu daina. Saurayi zai yi shekara biyar yana tara abin da ya samu, ya sayi Gusheshe, tsohuwar motar nan da ake wasan juyi da ita, ranar da ya kawo ta gida kuma ya yanke mata sifirin har cikinta ya kusa shafar ƙasa. Ba ta iya haye tudun rage gudu sai a karkace. Jak ɗin da ya zo da ita ba ya shiga ƙarƙashinta. To, sai muka ƙirƙiro dabararmu: ƙarti huɗu su kama gefen mota su ɗaga, na biyar ya tura katako ƙarƙashin taya, a samu kafar cusa ƙaramin jak, sannan a jera bulo. Muna alfahari da wannan dabara kamar wani ilimi ne.

Mokete ne ya koya wa rabin layinmu ita, domin shekara talatin ya yi yana gyaran motocin haya. Bara ɗansa Pule ya nuna masa hoton wani dogon jak mai kwantaccen baki a waya, ya ce yana so ya saya. A gaban abokansa Mokete ya yi masa dariya, ya ce mutumin da yake da abokai goma masu cin tuwon masara kwano biyu-biyu me zai yi da jak ɗin 'yan gayu. Kowa ya yi dariya, har da Pule. Ranar Litinin da tsakar rana abokan suka ɗaga masa motar, suka tafi sayo abinci, suka bar shi a ƙarƙashi yana mayar da doguwar sandar da ke juya tayoyin baya. Bulo ɗaya ya dare. Da suka dawo, su huɗun nan dai suka sake ɗaga motar, amma wanda suka jawo ba ya numfashi.

Ranar Asabar za a binne shi. A wurinmu kuwa ba a binne ɗan wasan juyi sai an kai motarsa bakin maƙabarta an juya ta, taya na hayaƙi, direba ya fito ta taga ya rataye a jikinta tana zagaye babu kowa a sitiyari. Mutum biyu a layinmu wannan wasa ya ci, ɗaya kuma yana nan a keken guragu. Motar Pule dai ba ta motsi, tunda sandar na rataye rabi a ɗaure. Ƙanensa Sabata, wanda yake koyarwa a makarantar firamare kuma bai taɓa riƙe sifana ba, ya ce ranar Alhamis zai shiga ƙarƙashinta ya ƙarasa aikin.

Uwarsu Dikeledi ta sa aka kira mata mijinta ɗakin da take zaman makoki.

"Baban Pule, ɗa ɗaya ya rage mini," ta ce. "Motar nan ba za ta taɓa shi ba."

Ya ce ya ji, ya yi mata alkawari. Da gari ya waye ya auna ƙarƙashin motar da kara, ya shiga motar haya zuwa Alberton, inda shagon yake.

Zodwa ta jawo jak uku ta jera a gabansa. Na farko ja ne, sai sheƙi yake yi. Mokete ya durƙusa ya tsayar da karansa a bakinsa, bakin ya fi karan tsawo da yatsa guda.

"Wannan na masu motar zuwa coci ne," ta ce, ta ture shi da ƙafa.

Na biyu fari ne, marar nauyi, bakinsa ya kwanta sosai. Mokete ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ji ya kwanta masa a rai.

"Zai shiga, amma wuyansa gajere ne," in ji ta. "Ba zai kai inda ƙarfen mota yake da ƙwari ba. Sai mutum ya gaji ya kafa shi a gefe, gefen ya lanƙwashe. Ga kuma ƙafafunsa a tsuke. Tsakar gidanku siminti ne?"

"Rabi siminti, rabi ƙasa."

"To, bar shi."

Na uku baƙi ne, dogo, mummuna, sai da ta sa hannu biyu ta jawo shi. Ta ce tan uku yake ɗauka. Ta kifa shi ta nuna masa walda, ta shafa yatsa a gindin famfon ta nuna masa babu ɗigon mai. Sannan ta hau kan bakinsa ta ce ya buga. Bugu shida ya ɗaga ta har gwiwoyinta suka kai saman kantar shagon.

"Yanzu murɗa hannun a hankali."

Ya murɗa. Ta sauko sannu-sannu, ko girgiza ba ta yi ba.

"A nan ake gane na kirki, Baba. Kowane jak yana iya ɗagawa. Wajen saukewa ne ake ganin halinsa." Ta shiga lungu ta fito da ƙafafun ƙarfe huɗu masu haƙora. "Kuma ba zan sayar maka ba sai da waɗannan. Jak ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba. Ka ɗaga, ka kafa waɗannan, ka girgiza motar da ƙarfinka, sannan mutum ya shiga."

Mokete ya san wannan. Tun kafin a haifi matar nan ya san shi. Kunya ta kama shi, ya tsaya yana gyaɗa kai kamar yau ya fara jin maganar. Bai nemi ragi ba, shi da yake iya kwashe rabin sa'a yana ciniki a kan noti ɗaya.

A bayan akori-kurar wani maƙwabci ya dawo. Ya tarar an fara kafa tantin makoki a bakin titi, mata na zaune a da'ira suna fere kabewa, ƙamshin burodin sadaka ya cika gidan. A bayan gida kuwa Sabata ya tuɓe rigarsa, abokan Pule huɗu na tsaye a gefen motar suna tofa yawu a tafin hannu. Sun jera sababbin bulo.

"Ku kwashe waɗannan," in ji Mokete.

"Baba, masu ƙwari ne, na siminti zalla," in ji ɗaya daga cikinsu. "Kai ka ce mana..."

"Na san abin da na ce. Ku kwashe."

Ya tura jak ɗin. Bakinsa ya shige ƙarƙashin motar sumul, ko karce bai yi ba. Babu wanda ya kama gefe, babu wanda ya yi nishi. Motar ta tashi, ya kafa ƙafafun ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ya dafa ta ya girgiza har sai da kafaɗarsa ta amsa. Tana nan daram. Ba a yi minti biyar ba. Kowane ɗaya daga cikin samarin lissafi ɗaya yake yi a ransa: da tun bara aka sayi wannan jak, da Pule na raye.

Sabata ya ɗauki sifana. Mokete ya karɓe ta.

"Baba, ciwon bayanka fa."

"Bayana nawa ne. Matsa."

Ya kwanta a kan kwali ya ja jiki ya shiga. Noti huɗu ne ke riƙe sandar, Pule ya riga ya ɗaure uku. Na huɗun na nan a bakin zarensa, an fara murɗa shi da yatsa. A jikin baƙin man da ya lulluɓe ƙarfen akwai shatin tafin hannu biyu, a buɗe, inda yaron ya tokare motar da ta sauko masa. Mokete ya ɗora nasa hannun kusa da shatin, bai yarda ya taɓa ba. Ya yi kuka a nan, a kwance, hawaye na gangarawa cikin kunnuwansa, su kuma na waje ƙafafunsa kawai suke gani. Da ya gama ya ɗaure notin.

Ya fito, ya zare ƙafafun ƙarfen, ya sauke motar a hankali yadda aka nuna masa. Ransa ya ɗan yi sanyi. Ya cika alkawari.

Yana goge hannu ya ji an rufe ƙofar mota. Sabata ne a kujerar yayansa. Ya murɗa makulli, injin ya ɗauka da ruri, matan da ke fere suka ɗago kai, samarin suka fara fito da baki. Sabata ya matsar da kujerar gaba kaɗan, ya gyara madubi.

"Wa zai juya ta ranar Asabar?" Mokete ya tambaya. Sai da ya maimaita saboda ƙarar.

"Ni mana, Baba. Wa kake so ya yi wa yayana?" Idanunsa sun yi ja, amma fuskarsa ta saki, karon farko tun Litinin. "Za su koya mini yau da gobe. Sun ce fita ta taga ba wuya, in dai mutum bai ji tsoro ba."

Mokete ya buɗe baki. Shekara talatin yana gaya wa samarin layin nan cewa namiji ba ya tsoron mota, yanzu ya rasa ta inda zai fara.

Ya shiga ɗaki. An jingine gadon a bango, an sauke katifar ƙasa, yadda ake yi wa uwar mamaci har a binne ɗanta. Dikeledi na zaune a kai, lulluɓe da bargo, ƙannenta biyu a gefe. Gilashin taga na rawa saboda rurin injin.

"Ban bar shi ya shiga ƙarƙashinta ba," ya ce. "Ni na shiga."

Dikeledi ta ɗago ta dube shi.

"Kwana uku motar nan tana kwance a mace, ina gode wa Allah," ta ce. "Kai kuma ka tashi takanas har Alberton ka nemo abin da zai tashe ta."

"Mai kyau na zaɓo, Maman Pule."

"Na sani. Ba ka taɓa yin aiki rabi da rabi ba."

A waje aka ja ƙyauren gidan, aka ji cikin motar ya karci bakin kwalbati, sannan ƙarar ta miƙe titi. Dikeledi ta saurara har ta daina jin ta. Ta juya wajen ƙannenta, muryarta a kwance.

"Bayan Asabar kada ku wahalar da kanku da mayar da katifar nan kan gado," ta ce. "Ku bar ta a ƙasa."