Zanen da Baba Ya Wanke

Wata bakwai muna jiran a kira Baba gashi. Ciwon daji ne a ƙirjinsa, injin gashin asibitin kuma guda ɗaya ne, yau ya yi aiki gobe ya tsaya. Ni ne direbansa, ni ne kunnensa. Shekara talatin yana kan injin niƙa a Zabi, kunnen dama ya mutu, na hagun ma sai an ɗaga murya. Daga aji huɗu na sakandare na gudu na kama tuƙin keke mai ƙafa uku tsakanin Samaru da PZ, amma ɗan Turancin da na tsinta ya isa in gane abin da likita ke nufi.

Ranar Laraba suka bugo waya daga asibiti: a zo gobe a auna shi, Litinin a fara. Da yammacin ranar na ɗauko Tolulope daga PZ, wata ɗalibar kimiyya a jami'a da na saba kaiwa Samaru. Bakina ba ya riƙe magana, na kwashe komai na gaya mata.

"Ah, Suhail, ai a kan irin wannan nake karatu," ta ce da Hausarta ta Sabon Gari. "Ana harba hasken laser mai ƙarfi cikin gas, sai ya ingiza ƙwayoyin lantarki da mugun gudu, su ratsa jiki su ƙone ciwon ko yana can ciki. Gobe sha ɗaya akwai lacca a sashenmu. Amma fa bincike ne, bincike kawai."

Sau biyu ta faɗi kalmar bincike. Na ji ta sarai. Na dai ɗauki wanda nake so na bar sauran.

Washegari na zaunar da Baba a kan bencin asibiti, mutum goma sha uku a gabansa.

"Baba, yanzu zan dawo."

"Ina kuma, sarkin yawo? Gindinka ƙaya gare shi?"

"Zan nemo maka injin da ba ya lalacewa."

A ɗakin laccar na zauna baya da rigata mai warin fetur. Wani farfesa ya yi ta nuna hotuna. Da aka ba da damar tambaya na miƙe, na ce a ina ake rubuta sunan maras lafiya. Wasu samari biyu suka ƙunshe dariya. Farfesan bai yi dariya ba. Ya juya harshe zuwa Hausa, ya ce injin yana ƙasar waje, can ma a kan tankin ruwa da ƙwayoyin halitta a faranti ake gwada shi. Su nan lissafi suke yi a kwamfuta. Kafin ya kai kan mutum, wataƙila shekara goma, wataƙila fiye.

"Shekara goma!" na ce. "To ku ci gaba da warkar da ruwa. Ubana yana kan benci."

Tolulope ta biyo ni tana kiran sunana. Ban waiwaya ba.

Na tarar an gama da Baba, yana zaune gindin darbejiya da katinsa a hannu. Ya ɗaga riga ya nuna mini layuka da 'yan gicciye na shuɗin tawada a ƙirji da haƙarƙari.

"Sun mai da ni allon makaranta."

"Me suka ce?"

"Yarinyar ta yi ta magana, ni kuma na yi ta gyaɗa kai."

Taku ashirin ne tsakanina da ƙofar. Da na shiga na tambaya, shi ke nan. Amma raina na tafasa da farfesa, na tayar da keke muka tafi.

Juma'a da hantsi Baba ya daɗe a banɗaki. Da ya fito ƙirjinsa ya yi jajir, warin kananzir na tashi. Soso bai fitar da tawadar ba, shi ne ya haɗa da kananzirin fitila.

"Abin da ya hana ruwa taɓa fata, ina wanka a nan?" ya ce. "In shiga sahu haka?"

Ko a lokacin ban gane ba. Na ce ya sa man shafawa kada ya yi ciwo.

Litinin, Sista Edith, ma'aikaciyar da ta zana shi, ta ɗaga rigarsa ta tsaya cak.

"Baba, ina zanen? Ba na ce ko ruwa kada ya goge shi ba? Da shi ake saita injin!"

Na hau ta da faɗa. Na ce kurma ne, ba ta gani ba? Na ce su sake zanawa mana, ba biro ba ne? Na ce wata bakwai, wata bakwai muna zarya! Mutanen benci duk suka zuba mana ido.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Sai an sake ɗaukar hoto, layin hoton kuma ya cika. Ran nan sau uku na leƙo ina kiran ɗan'uwan maras lafiya. Kana ina?"

Baba bai ji tambayar ba. Ya ja hannun rigata. "Me ta ce?"

Aka kira matar da ke bayansa, ta shiga a madadinsa. Sista Edith ta rubuta sabuwar rana a katin: sati biyar nan gaba, in injin bai tsaya ba.

A hanyar gida na yi ta danna hon ba gaira ba dalili, na zagi wani mai mashin da bai yi mini komai ba. Baba na tari a baya, hannunsa dafe da ƙirji. Daidai ƙofar jami'a Tolulope ta ɗaga mini hannu, na wuce. Ba ita ta yi ba, na sani, shi ya sa ma ba zan iya kallon ta ba.

"Ka faɗa mini in ji me ta ce," Baba ya sake tambaya.

Na gangara gefen titi na kashe keken. Na juya saitin kunnensa na hagu, na ɗaga murya yadda zai ji, na fara daga inda na bar shi a kan benci.