Indararon Ɗakin Inna

Malam Ahmad magini ya soka yatsa a bangon ɗakin, yatsan ya nutse har gaɓa ta biyu kamar a cikin tuwo. Ya zaro shi ya goge a gefen riga, sannan ya dubi Mamman.

"Ka gani?"

"Na gani. A yi mashi yaɓe."

"Yaɓen mi? Bango bai yi laifi ba, indararo ne ya mutu. Ruwa ba ya fita waje, cikin bango yake shiga. Ga azara biyu nan sun jiƙe. Ruwa ɗaya mai ƙarfi, wallahi sai dai a tono tsohuwa."

Tsohuwar da ake magana tana zaune a kan gadonta tana jan carbi. Inna Bara'atu ke nan, uwar Mamman. Sau uku ana kwashe mata kaya a kai ɗakin gaba, sau uku tana kwaso su da kanta ta dawo. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, a nan za a fitar da ita.

"A liƙe shi da kwalta," in ji Mamman.

"Bara kwalta, bara waccan siminti, kafin nan leda da roba. Mamman, ana liƙe abin da ke da jiki ne. Giginyar nan gara ta cinye ta, saura ɓawo. Ka canza shi yau, ko ka ɗaure tsohuwa ka fitar da ita."

"A juya ruwan ta cikin gida."

"Gangaren soron can ya nufa. Sai an fasa rufin duka. A tsakiyar damina? Nemi wani magini."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

To, ga abin da ya hana Mamman taɓa indararon nan. Gidansa a Bungudu baya da baya yake da gidan Malam Yakubu mai hatsi, kowa da lungun da ƙofarsa take kallo. Tun zamanin iyayensu indararon ɗakin Inna yake zuba a tsakar gidan su Yakubu, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Shekara shida da suka wuce aka yi wani ruwa da rana tsaka, ya jiƙa wa Yakubu geron da ya shanya. Aka yi cacar baki ta kan katanga, aka zagi wanda ya mutu da wanda ke raye. Mai unguwa ya raba su. Ya ce abin da aka gada ba a cire shi, amma ran da ya sauka, ba a ɗora sabo sai da yardar mai gidan da ruwa ke zuba. Yakubu ya nuna indararon da sanda a gaban jama'a ya ce, "Ina nan ina jiran ranar."

Tun daga nan ba su sake gaisawa ba. Mamman ya canza masallaci, ya kuma hana a ambaci sunan Yakubu a gidansa. Duk shekara in ya hau liƙi, Yakubu zai fito ya tsaya a ƙasa, hannu a baya, yana kallo har a gama. Ba ya cewa komai. Shirun ne ma ya fi ciwo.

Mamman ya tsaya a zaure yana lissafin kwanaki, sai ya tuna yau kasuwar Tsafe ke ci. Yakubu ba ya fashin ta, ba ya kuma dawowa sai bayan la'asar sakaliya. Da bazara ya ji ana cewa Yakubun ba ya jin daɗi, amma wa ke kwanciya tun bazara har yanzu? Dabara ta faɗo masa. Ya sa takalmi ya nufi bakin titi.

Shekara ashirin yana kamasho a tashar mota a Gusau, ba direban hanyar nan da bai san shi ba. Motar farko ta tsaya, aka matsa masa wuri a gaba.

A layin maƙeran kwano da ke kasuwar Gusau ya sami Hamza, tsohon abokin wasansa, yana buga murfin tukunya.

"A'a, sarkin tasha! Yau wa ka cika wa mota ka gudo?"

"Bar wasa. Indararo nake so, yanzu."

Hamza ya jawo wani bututun roba fari tas ya ɗora a gabansa. "Ga wanda 'yan birni ke so. Kyau kamar amarya. Rana biyu ta bazara ta dake shi, sai ya tsage kamar ƙwai." Ya ture shi da ƙafa, ya ɗaga wani na kwano mai sheƙi ya lanƙwasa da yatsa biyu. "Wanga kuma damina biyu, tsatsa ta huda shi. Ina sai da shi ga wanda ba na so ya daɗe bai dawo ba."

"Giginya fa?"

Hamza ya daina dariya. "Wa zai shiga daji ya saro maka giginya yanzu? Kai za ka?"

Sai ya jawo wani fallen almini ya ajiye a gaban Mamman.

"Almini mai kauri za ka sa. Ba tsatsa, ba gara, rana ba ta fasa shi. Jikokinka su gaje shi. Kamu nawa?"

"Biyu. Daidai da tsohon."

"Biyu? Soron ƙasa? Indararo gajere shi ke cin gindin bango. Uku za a yi, ya jefa ruwa nesa."

"Na ce biyu. Kuma ka shafe shi da kwalta, ya yi baƙi, ya yi kamar ya shekara arba'in."

Hamza ya ajiye guduma ya dube shi da kyau. Ya juya ya kira maƙwabcin rumfarsa. "Zo ka ji! Shekara talatin ina sana'ar ga, kowa so yake tsohon kayansa ya yi kama da sabo. Yau ga mai son sabo ya tsufa. Mamman, sata za ka yi da shi?"

Dole Mamman ya faɗa masa, a taƙaice, yana kallon ƙasa. Hamza ya girgiza kai.

"Yakubu makaho ne?"

"Daga ƙasa ba zai gane ba."

"Da ka je ka yi sallama ka roƙe shi, da tuni an wuce wurin."

"Ni? In roƙi mutumin da ya zagi ubana a kabari?"

"Kai ba ka zagi nasa ba?"

"Yi aikinka, Hamza."

Ya yi aikin. Ya yanke alminin, ya lanƙwasa shi a jikin ƙarfe, ya naɗe bakinsa don kada ya yanki hannu. Ya shafa kwalta a baya, amma ya ƙi shafawa a ciki. "Nan ruwa ke bi," ya ce. "Ba ka san wanda zai tara ya sha ba." Da Mamman ya auna da hannunsa sai ya ga kamu uku cif.

"Na ce maka biyu!"

"Ban fitar da gajeren indararo daga rumfar nan, a ce aikin Hamza ne. Ga almakashi aro. In kana so ka lalata shi, ka lalata da hannunka."

Mamman ya sa almakashin a aljihu, ya saɓa indararon. Da ya fito bakin kasuwa ya ɗaga kai, sai ya ga gabas ta yi baƙi ta wajen Kwatarkwashi. Hadarin bai yi kama da mai wasa ba.

A mota abin ya ƙi shiga but, sai aka zura shi tsakanin fasinjoji, rabinsa a waje ta taga. Wata mata ta ce kwalta ta ɓata mata mayafi. Wani dattijo ya shafa shi ya ce, "Malam, an cuce ka, tsoho aka sai maka." Wannan ce kaɗai maganar da ta yi wa Mamman daɗi tun safe. Duk tafiyar yana leƙa madubi, hadarin na biye da su kamar an aiko shi.

Ana kiran la'asar ya shiga gida. Ya yi salla a gurguje, ya kwaɓa ƙasa a bokiti, ya jingina tsani a bangon ɗakin Inna. Ya ɗora ƙafa a matakin farko.

"Ba ka yi magana ba," in ji Inna daga bakin ƙofa.

"Yau ba a magana, Inna."

"Ubanka bai taɓa hawa soron ga ba sai ya yi shela. Akwai matar mutane a can."

"Minti goma ne. Ba zan leƙa ba."

"Awo, ɓarawo ma haka yake cewa."

Ya hau mataki na biyu.

"In ba ka yi ba, ni in yi. Kuma ka san muryata."

Mamman ya tsaya, indararo a kafaɗa, bokiti a hannu. Iska ta fara kaɗa zannuwan da ke kan igiya. Yana da shekara hamsin da biyu, direbobi na jin tsoron bakinsa, amma bai tuna ranar da ya taɓa hawa soro shiru ba, ko yana yaro. Ya ce a ransa, ai Yakubu na Tsafe, matarsa kaɗai za ta ji.

"Za a hau soro," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ni da ke nan ban ji ba."

"Za a hau soro! A kimtsa!"

Can sai muryar Binta, matar Yakubu, ta tsallako katanga. "A hau."

Ya hau. Ya durƙusa a bakin indararon, ya fara fasa tsohon simintin da kwaltar da ya shekara shida yana tarawa. Giginyar ta yi laushi kamar soso. Bai yi niyyar leƙawa ba, amma ba a zare indararo ido a rufe. Ya miƙa kai ta kan rawanin soro.

Abin da ya fara gani duro ne, babba, a tsaye inda da ake shanya gero. Kusa da shi randa da bokitai uku a jere. An tokare wani guntun kwano da itace a jikin bango, don ya tare ɗan ruwan da ke gangarowa ya kai shi bokiti. Sannan ya ga Yakubu.

Yana zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, ya jingina da buhu. Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya koma kamar an matse shi. Hannunsa na dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba, bakinsa ya ɗan karkace. Idanun ne kawai ba su canza ba, suna kan Mamman, suna kan baƙin abin da ke gefensa.

"Mamman."

"Yakubu."

Shekara shida, abin da suka iya ke nan.

"Sauke shi za ka yi?" Maganar tana fita da nauyi.

Ba wurin ƙarya. "Ya ruɓe. Bango zai faɗa wa Inna."

"Na sani. Kullum nan nake zaune ina kallonsa."

Binta ta leƙo daga madafa, mayafi a kai. "Malam Mamman, tun da ciwon nan ya same shi, ruwan soronku muke tara. 'Yan ga-ruwa ba su shigowa lungunmu in an yi taɓo, ni kuma guga ya fi ƙarfin ƙirjina. Bana ko rabin duro ba ya—"

"Binta, shiga ciki," in ji Yakubu.

Ba ta shiga ba.

Mamman ya waiga ya dubi tsakar gidansa. Inna na tsaye a gindin tsani tana jan carbi, ba ta ko ɗaga kai ba. Ashe ta sani. Duk gidan sun sani, shi ne ya hana a faɗa masa.

Aka yi tsawa can nesa. Ya kama tsohon indararon da hannu biyu ya ja. Bai ma fito ɗaya ba, ya rabe gida uku, gara ta zubo. Shi ke nan, ya sauka, a gaban mutumin da ya ce yana jiran ranar. Mamman ya ɗaga sabon, ya riƙe shi a bakin ramin bai zura ba. Ya gwammace ya yi dambe da direba goma.

"In sa?" ya ce.

Yakubu ya dubi indararon. Ɗigon farko ya faɗo a kan alminin.

"Kamu nawa ne?"

"Uku. Zan yanke ya koma biyu, kamar tsohon." Ya zaro almakashin ya nuna.

"Biyu a bango yake zuba." Yakubu ya ɗaga hannun hagu da ƙyar ya nuna. "Duron na can."

Mamman ya dubi duron, ya dubi almakashin. Ya mayar da shi aljihu.

Ya zura indararon, ya karkata bakinsa ƙasa kaɗan, ya cusa ƙasa gefe da gefe yana dannawa da dunƙulen hannu. Ya rufe wurin da leda, ya danne da tubali biyu, kafin Malam Ahmad ya zo gobe ya gyara. "Binta, matsa da duron baya taku ɗaya," ya ce. Ta jujjuya shi har ya zo daidai.

"Duk daminar nan muna shan kwaltarka," in ji Yakubu. "Wanga ma ga shi baƙi ƙirin. Wa ya shafe sabon abu haka?"

"Cikinsa fari ne," Mamman ya ce, yana tattara bokiti. "Bayan kuwa, haka ake yayinsu a Gusau."

Wani sauti ya fito daga karkataccen bakin Yakubu, tsakanin tari da dariya.

Ruwa ya tsinke kafin Mamman ya gama sauka. Ya shiga ɗakin Inna a jiƙe, ya dafa bango da tafin hannu yana jira. Ba abin da ya gangaro. Ta bayan bangon ana jin ruwa yana dukan gindin duro da ƙarfi, sannan ƙarar ta fara yin ƙasa-ƙasa yayin da yake cika.

Inna ta hau gadonta ta gyara filo. "Gobe ta wace ƙofa za ka mai da wa maƙeri almakashinsa?"

"Ta titi mana."

"Lungun su Yakubu ma na fita titi," ta ce, ta juya fuska bango.