Mariƙin Gilashin Motar Baba

Ranar Talata Baba ya ce wa dillali ya zo Asabar ya ɗauki motar. Ranar Laraba labari ya iske Auta a garejinta, tana tsugune gaban wata motar haya da wayoyinta suka ƙone. Mama ce ta kira, tana magana ƙasa-ƙasa kamar bango zai kai ƙararta.

"Wace mota?" in ji Auta. "Ba dai jar ba?"

"Yo muna da wata ne? Wai ya gaji da ita."

Gajiya! Auta ta ajiye wayar tana dariyar takaici. Mutumin da ya shekara arba'in yana kanikanci, wanda ko ƙuda ya sauka a kan motar nan sai ya bi wurin da tsumma, shi ne yau zai gaji? Motar ta girmi Auta da shekara goma sha biyu. Ja ce, mai ƙofa biyu, da rufin tamfol da ake naɗewa baya a bar sama a buɗe. Ko noti ɗaya Baba bai taɓa yarda an ɗaura mata wanda ba nata ba.

Auta ta san gaskiyar maganar, don Mama ba ta iya riƙe zance ya kwana. Wata uku da suka wuce ruwa ya tsinke wa tsofaffin biyu a hanya, rufi a naɗe. Ita kuwa motar tana da dokarta: rufin ba ya kamuwa sai an sauke gilasan ƙasa, a jawo shi, a maƙale, sannan a ɗaga su. Mama ta murɗa nata ya sauka. Baba ya kama mariƙin nasa, yatsun da ciwon gaɓɓai ya ƙage suka ƙi. Ya haɗa hannu biyu, shiru. Suna nan ruwa na dukansu har wata mai shago ta fito da lema ta ce, "Sannu tsoho, bari in kama maka," ta murɗa shi da hannu ɗaya. Tun ranar Baba bai sake taɓa makullin ba. Kuma da ya buɗe baki ya ce hannunsa ya gaza, gara ya rabu da motar.

Da yamma Auta ta je gida ta same shi a kujerarsa ta tsakar gida.

"Baba, ba za a miƙa wa dillali mota da mataccen batir ba, alhali 'yar mai ita aikin wayarin take yi. Da wane ido zan kalli mutane? Ba ni ita kwana biyu."

Ya zaro makullin ya miƙa mata, ko kallonta bai yi ba. Abin ya sosa mata rai ƙwarai, amma ta haɗiye.

A gareji ta naɗe rufin don haske ya shiga, ta zare mariƙin, ta ɓamɓare allon da ke rufe cikin ƙofar a hankali, kamar mai cire ƙaya. A jikin kwanon ƙofar ta ga rubutun Baba da fensir, kwanakin da ya sa giris, shekara bayan shekara, har layin ya kai ƙasa. Ta ɗan tsaya tana karantawa, sannan ta ci gaba da aiki.

Maƙwabcinta mai fenti ya leƙo. "Ke, motar tsohon ce kika farke haka? Wallahi sai ya tsine miki."

"Je ka ji da fentinka mai zuba," in ji ta. "Wanda ya koya min riƙe sufana ba zai tsine wa aikina ba."

Ta fitar da tsohon ƙarfen da ke ɗaga gilashin, ta naɗe shi a tsumma mai mai, ta ajiye a but ɗin motar. Sabon, mai ƙaramin injin lantarki, ramukansa ba su dace da na ƙofar ba. Da wani ne, da tuni ya ɗauko abin huda. Auta kuwa ta yanko ƙarfe, ta lanƙwasa, ta goge, ta ƙera masa mazauni da zai hau tsofaffin ramukan. Sau uku tana yi kafin ya zauna yadda take so. Wayar ta bi da ita ta gefen maƙalin ƙofa cikin bututun roba, ta sa mata fis nata na kanta. Sai babbar dabarar: ba ta liƙa wani maɓallin roba a fili ba. Makunnin ta ɓoye shi a bayan tsohon mariƙin, ta mayar da mariƙin wurinsa. A danna shi ƙasa kaɗan, gilashi ya sauka. A ɗaga, ya hau. Ta yi wa ɗaya ƙofar haka. Ta gwada ya fi sau hamsin, sama, ƙasa, sama, ƙasa, har mai fenti ya ce ta sa shi jiri. Ta goge hannu ta ce duk wanda ya samo kuskure a aikin nan, ta yarda ta ba shi garejin.

Asabar da hantsi ta shigo da motar gida. Baba ya taso da ƙyar, ya zagaya ta sau ɗaya, ya buɗe ƙofar direba, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Fuskarsa ta ɗaure.

"Ƙofar nan ta ƙara nauyi. Me kika cusa mata?"

"Shiga ka taɓa mariƙin, Baba."

"Tambayarki nake yi."

"Ni ma amsar ke nan."

Mama ta tsaya bakin ɗaki da hannu a ƙirji. Baba ya shiga, ya cije leɓe, ya tattara ƙarfi kamar wanda zai ɗaga buhu, ya kama mariƙin. Bai ma fara ba gilashin ya sulale ƙasa. Ya janye hannu da sauri.

"Kin huda min ƙofa?"

"Ko rami ɗaya. Tsohon ƙarfen yana but. Ka ce a mayar, kafin azahar na mayar."

Ya ɗaga mariƙin, gilashi ya hau. Ya danna, ya sauka. Can ya ce, "Jawo rufin."

Suka jawo, suka maƙale. Baba ya ɗaga gilashin yana kasa kunne, kai a karkace. Gilashin ya hau, ya kai robar rufin, bai tsaya ba, ya ture ta waje har ta yi baki.

"Rufi a naɗe kika saita tsayinsa," in ji Baba.

Gaskiya ce. Kwana biyu motar na gareji sama a buɗe, gilashin na hawa cikin iska ba abin da zai tare shi, ita kuwa tana ta yabon kanta.

Baba ya tuntsire da dariya, har da dukan sitiyari. Rabon da a ji dariyarsa a gidan tun ranar ruwan nan. "Injiniya manya! To ɗauko sufana mai lamba goma."

Kunya ta kama ta, amma daɗi ya fi kunyar yawa. Ta cire allon, ta durƙusa, tana kwance noti tana matsar da ƙarfen da ke tsayar da gilashin, shi yana ciki yana ba da umarni. "Ƙasa kaɗan. Ya yi yawa. Dawo. Nan, ɗaure!" Suka gama ta direba, suka koma ɗayar. Auta na zaune a kujerar gefe tana mayar da kusar ƙarshe aka yi sallama, dillali ya shigo yana washe baki, ya sunkuya ya ƙwanƙwasa gilashin.

Baba ya sauke shi faɗin yatsa biyu. "Ka yi haƙuri, na fasa."

"Haba Alhaji, ai mun gama magana! Mai saye yana jira, mutumin kirki, kuma ka san irin waɗannan motocin, kayansu yanzu sai an tona..."

Baba ya sa ƙaramin yatsansa ya ɗaga mariƙin. Gilashin ya hau a hankali, ya shige cikin robar cif. Dillali na ta motsa baki a waje yana yarfa hannu, ko kalma ɗaya ba ta shigowa.

Baba ya ɗora hannun a gwiwa yana kallon karkatattun yatsunsa.

"Na ɗauka ya gama aiki, Auta," in ji shi. "Wallahi na ɗauka ya gama."

Ya share ido da bakin hannun riga, ya murɗa makulli, injin ya tashi.

"Je ki ce wa uwarki ta sa takalmi. Ki buɗe mana ƙofar gida."