Masu Riƙon Kwandon Kanya

Tun da aka fara fere kanya a ƙauyen Kamisawa da ke kan dutse, Chizuru ta kasa zama wuri ɗaya. Ta rataye igiyar kanya a ƙarƙashin rufi don ta bushe, ta fito ta leƙa hanya, ta koma, ta sake fitowa. Motar ƙauyen tana nan gindin gada, babu kowa a ciki sai direba, Baba Tatsuzo, yana goge gilashin da ya riga ya goge.

Hukumar gari ce ta kawo ta bayan babbar bas ta daina hawowa dutse. Waya kawai za ka buga, ta zo ƙofar gidanka, ta gangara da kai gari. An ce gwaji ne. In sanyi ya shigo ba a ga mutane na hawa ba, za a ɗauke ta, kuma kaya ba sa cikin lissafi. Da motar nan Chizuru ke kai busasshiyar kanyar matan ƙauyen kantin tashar jirgin ƙasa. Ba ta iya tuƙi ba. In motar ta tafi, sai ta kulle gidan mahaifinta ta koma birni wankin kwanuka.

Tana tsaye sai ga Kaka Umeno, maƙwabciyarta, tana dogara sanda.

"Kaka, ina zuwa da wannan gwiwar?"

"Asibiti."

"A ƙafa? Ga mota can tana jira!"

"In tayar da mota guda saboda tsohuwa ɗaya? Ɗan mutane ya bar aikinsa?"

"Wane aiki? Gilashi yake gogewa!"

"To kin gani, yana da abin yi. Wancan karon da ya kai ni, kabewa na kai masa ta godiya. Bana kuwa kabewar ba ta yi ba. Da wane ido zan dube shi?"

Ta wuce abinta, ƙwas, ƙwas.

Chizuru ta gangara wajen direba, kwandon kanya a hannu.

"Baba, ko mutum ɗaya bai kira ba?"

"Ke kaɗai, 'yar nan. Ranar taro kowa ya rusuna, ya ce an yi mana gata. Amma ko matata a ƙafa take zuwa kasuwa, wai kada a ce ta mai da motar gari ta gidanmu." Ya yarfe tsumma. "Kara za ta kashe mu a ƙauyen nan."

Ta ɗora kwandon a kujera, ta koma ɗauko na biyu. Kafin ta dawo ya karkace, kanya ta gangaro ƙasa. Ta durƙusa tana tsinta, can sai hannunta ya tsaya, dabara ta faɗo mata.

"Baba, tayar da mota."

Sun cimma Kaka Umeno kusa da wurin bauta, tana hutawa a kan dutse. Chizuru ta sauko, ta rusuna har gashinta ya rufe mata fuska.

"Kaka, kunya nake ji, amma roƙo na zo. Kwanduna biyu ne, hannuna bai isa ba. In muka shiga kwanar nan duk za su kife, wahalar matan nan ta tashi a banza. Ko za ki riƙe min ɗaya?"

"Ji sakarcin yarinya! Shi ne ba ki faɗa tun ɗazu ba?" Ta miƙa mata sandar, ta hau, ta rungume kwando a cinya. "Kai Tatsuzo, a hankali! Tun kana yaro ba ka iya kwana ba, ko a keke."

Kafin mako ya zagayo, labari ya game ƙauye cewa Chizuru, 'yar marigayi Shozo, na neman taimako. Tsofaffi suka dinga buga waya suna tambayar yaushe ake buƙatarsu, har ana musu kan wadda ta fi iya riƙo. Chizuru ta rarraba kanyar a ƙananan kwanduna don kowa ya samu. In an sauke kaya, wannan ta ce tunda an zo bari ta leƙa asibiti, waccan ta sayo kifi.

Ranar da raɓa ta fara daskarewa, Baba Tatsuzo ya ce hukuma ta bar motar zuwa bazara, sannan a sake dubawa. Chizuru ta yi godiya, amma idonta na kan rufi. Igiyoyin kanya sun kusa ƙarewa. Ta je ƙofa ta dawo, ta sake zuwa.

"Zauna, kina sa ni jiri," in ji Kaka Umeno ta kan shinge. "In kanya ta ƙare, ina da tulun kabeji mai tsami da mai kantin ya ce yana so. Nauyi gare shi, sai mutum biyu." Ta kau da kai. "Na riga na gaya wa matar Tatsuzo ta zo mu riƙe tare."