Baburin da Na Kushe

Ni dai ban taɓa sayen abu ban kushe shi ba. Ko takalmi ne sai na ce ɗinkinsa ya karkace. Haka na koya a wurin mahaifinmu: kada mai kaya ya ga haƙorinka, ka ɓata kayan da baki, ka juya ka tafi a hankali, shi da kansa zai kira ka ya rage. Dabarar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sana'ata haɗa sola ce, kuma yawancin aikina a ƙauyuka yake, can inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓa. Tsohon baburina ya gaji, bayana ma ya gaji da shi. Don haka da na ji an kawo wani sabo, irin na shiga daji da doguwar tafiya, ba ƙato can ba kuma ba ƙarami ba, sai hankalina ya koma kansa. Na yi ta kallonsa a waya har matata ta fara tambayar hoton wa nake ɓoyewa. Guda ɗaya tak aka kawo shagon babura na garinmu, ni kuma na daɗe da shirya masa.

Ranar da zan je, na sa ƙanena Auta ya kai ni a motarsa, don idan na saya in hau abina in dawo. Auta kemis gare shi, kuma daga gidansa zuwa kemis ɗin ko tsohuwa ba za ta yi haki ba. Tun muna yara shi ne mai sa'a. Shi ya kwashe tsawon gidanmu kaf, keken da na yi ta kuka a kansa kuma shi aka saya wa.

"In mun shiga, ka ja bakinka ka yi shiru," na ce masa a mota. "Ka bar ni da mutumin."

"To, Yaya," in ji shi. Ban yi masa wani bayani ba, don a ganina kowa ya san yadda ake ciniki.

Muna shiga na ga baburin. Yana tsakiyar shagon a kan jak, ruwan toka da jan layi a tanki, ledar kujerarsa ko ɓarewa ba a yi ba. Tayar gaba doguwa mai haƙora, gilashin tare iska, ga farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa shi. Wallahi sai da na ji yawu ya taru a bakina. Na haɗiye, na ɗaure fuska.

"Wannan ne ake ta zuzutawa?" na tambayi mai shagon, wani mai tumbi da carbi a hannu.

"Shi ne, maigida. Hau ka ji."

Na hau. Na danna shokozoba da nauyina, ta nutsa a hankali ta dawo da ni kamar katifa. Kan baburin ya zo min daidai hannu, ba sai na sunkuya ba. Mai shagon ya tayar da shi, injin ya yi wani gurnani mai kauri da na ji har cikin ƙirjina. A raina na ce, yau na rabu da ciwon baya. A fili kuma na taɓe baki.

"Kujerar nan ai benci ce. Ga tsawo kamar za a hau katanga. In ya faɗi a yashi, wa zai taya ni ɗagawa, kai? Kuma ka ji wata 'yar ƙara can ƙasa?"

"Wace ƙara, maigida? Jiya aka fito da shi daga kwali!"

"To a kwalin ya same ta."

Ban bar komai ba. Na kushe fitila, na kushe madubi, na ce kayan gyaransa sai an yi addu'a kafin a samu. Mai shagon ya daina jan carbi, gumi ya tsattsafo masa. Ni kuwa daɗi nake ji, don na san ya fara laushi. Duk wannan lokacin Auta na gefe yana shafa tankin da bayan hannunsa, ban kawo komai a raina ba.

Can sai ya buɗe bakin da na ce ya rufe. "Yaya, da gaske ba ka so?"

A gaban mai kaya fa! Me zan ce? Na harare shi, amma idonsa na kan babur.

"Ko kyauta aka ba ni, sai na yi shawara," na ce. Na kaɗe rigata na fita.

Na taka a hankali, yadda ake yi. Na tsaya na gyara takalmi. Na tsaya na duba waya. Kunnena duk yana baya, ina jiran "Zo mana, maigida." Har na isa jikin mota ba wanda ya kira ni. Na jingina a rana ina zufa, ina cewa a raina mutumin nan taurin kai gare shi, amma zai sauko.

"Yaya! Yaya, zo!"

Muryar Auta ce. Na yi murmushi, na ce to, ya aiko a kira ni. Na koma ina jan ƙafa kamar wanda aka tilasta. Ina shiga na tarar hannun Auta cikin na mai shagon, ana "Allah Ya sa albarka", makulli kuma na lilo a ɗan yatsansa.

"Yaya, na saya!" Bakinsa har kunne. "Wallahi tun da muka shigo raina ya biya, amma na ce kai ka fara gani, ba zan shiga gabanka ba. Da ka ce ba ka so, sai na ji sanyi. Kuma ka san wani abu? Kushen da ka yi ne ya sa ya rage min sosai."

"Yayanka ai bala'i ne," in ji mai shagon yana share goshi. "Na rage ne don kada ya dawo."

Suka yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora, amma abin da ke raina ba dariya ba ce. Hassada ce tsagwaronta, ba zan sa mata wani suna ba. Na dubi Auta ya ɗora doguwar ƙafarsa ya zauna, tafin ƙafafunsa biyu shimfiɗe a ƙasa, inda ni sai da na yi ɗage. Baburin da aka ƙera don tsallake rafi, zai ƙare rayuwarsa a ƙofar kemis yana gadin maganin tari.

Na san da zan ce, "Auta, wasa nake, nawa ne," da a take zai miƙo min makullin. Haka yake, kuma wannan halin nasa ya fi komai ba ni haushi. Amma yaya za a yi babba ya lashe amansa a gaban ƙanensa da baƙo? Na tambayi mai shagon, kamar ba komai, yaushe za a kawo wani.

"Sai dai mu ga hali, maigida. Ai kai ka ce ba ka so."

Sai ga wata matsala: Auta da mota ya zo. "Yaya, taimaka ka kai min shi gida mana. Ni rabona da babur tun ina makaranta, kada in kayar da shi ranar farko."

Haka na sa sabuwar hular kwanonsa na hau. Ban bi kwalta ba. Na saki hanya na bi ta bayan gari, ta wajen masu bulo, inda ramuka da yashi suke. Na miƙe tsaye a kan matakan ƙafa na ba shi wuta. Ramin da tsohon baburina ke jefa ni sama, wannan haɗiye shi ya yi bai ko gaya min ba. A yashi bayansa ya ɗan yi rawa ya daidaita da kansa. Ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irinsa ba.

Na tarar da Auta a ƙofar gidansa, matarsa da 'ya'yansa sun fito tarya. Na kashe injin na zare makullin, amma na kasa sauka.

"Ka daɗe, Yaya. Ya ka ji shi? Ƙarar nan tana nan?"

"Tana nan," na ce.

"Kash. To kujerar fa?"

"Benci ce."

Ya jinjina kai cike da tausayina. "Sannu, na wahalar da kai. Ba zan ƙara sa ka hau shi ba, in sha Allahu."

Ya miƙo hannu. Na dube shi ban gane ba.

"Makullin, Yaya," ya ce a hankali. "Ka damƙe shi."